Kwanakin da Baba Bai Kira Sunana Ba

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Mun iso tsibirin da jirgin fito na ƙarfe uku. Gwaggo Gudrun, yayar Baba, tana tsaye a bakin gaɓa cikin jar rigar sanyinta, tana ɗaga mana hannu biyu kamar jirgin zai wuce da mu. Ta sauke mu a ƙaramin gidanta na bayan tudun yashi, wanda baƙi ke zama a ciki da rani. Ɗaki biyu ne da murhun itace. Ko'ina ƙamshin katako da gishiri.

Shekarata goma sha shida, kuma wannan ne karo na farko da ni da Baba da Mama za mu kwana tare a wani wuri da ba gonarmu ba. Mai shanu ba ya zuwa hutu. Saniya ba ta san Lahadi ba, ba ta san Kirsimeti ba. Yau ga mu nan mu uku da jakunkunanmu a bakin teku, a tsakiyar sanyi, lokacin da babu kowa sai iska.

Gwaggo ta rungume Baba ta ce, "Ejvind, shekara ashirin ina cewa ka zo ka ga teku, sai da..." Sai ta haɗiye sauran. "Ku shigo, gahawa za ta huce."

Malama Vibeke, mai koya mana adabi, ita ta ba ni wannan littafin ranar da na je ɗauko takarduna. Ta ce, "Thyra, ki rubuta abin da kika gani. Abin da kike tunani zai biyo baya da kansa." To, ga abin da na gani yau: teku toka-toka, sama toka-toka, Baba yana kallon takalmansa.

Kwana goma sha bakwai ke nan bai kira sunana ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ƙarfe biyar saura kwata na ji ya tashi, ba agogon da ya kaɗa. Ya sa wandon aiki, ya sa takalman roba, ya kai bakin ƙofa. Nan ya tsaya. Ta ƙofar ɗakina da ban rufe sosai ba ina hangen bayansa. Ya daɗe hannunsa na kan mariƙin ƙofar, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Sannan ya fita.

Ni ma idona biyu. Lokacin tatsa ne, jikina bai san an daina ba.

Ya dawo ƙarfe bakwai, daidai lokacin da muke gamawa a gida. Ya wanke hannuwansa da sabulu har gwiwar hannu, yadda ya saba, alhali bai taɓa komai ba.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Lokacin tatsar yamma. Ya sake fita.

Litinin, 10 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Gwaggo ta zo ƙarfe takwas ta janye mini bargo. "Tashi, 'yar gona. Zo ki riƙe mana tawul."

Ita da ƙawayenta biyu, Edel da Birthe, kullum safiya sai sun shiga teku, ko da ƙanƙara na zuba. Edel ta haura saba'in. Suna tuɓewa a bayan wata bukkar katako, hular ulu a ka, su gangara cikin ruwa suna hira kamar masu zuwa kasuwa. Dokarsu ɗaya ce: ba mai shiga ita kaɗai, kuma dole a bar wani a tudu yana kallo.

Edel ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan ce 'yar ƙanin naki? Gudrun, ba sa ba ta abinci ne? Iska za ta ɗauke ta ta kai ta Ingila."

"Kunya ce ta cinye ta," in ji Gwaggo. "Gado ta yi. Ubanta sai da ya shekara biyu yana kai wa uwarta Bodil buhun dankali kafin ya iya gaya mata sunansa."

Birthe ta ce, "Ke kuma aka tattara surutun gidan duka aka ba ki."

Na yi dariya kaɗan, sai kuma na ji kamar na yi sata.

Ban san ko sun san abin da na yi ba. An nuna ƙauyenmu a labarai, amma ba a ambaci sunan kowa ba. Ina jin sun sani. Edel ta taɓa kumatuna da hannunta mai sanyi ta ce gobe in zo da kayan wanka. Na ce ban zo da su ba. Ƙarya na yi, suna ƙasan jakata.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Mama ta sayo madara a kanti, ta kwali. Ban taɓa ganin kwalin madara a teburinmu ba. A gida sai dai in ɗauki jug in je tanki in ɗebo. Ta rasa inda za ta ajiye shi, daga ƙarshe ta juya shi yadda hoton saniyar da ke jiki zai kalli bango. Baba ya sha gahawarsa baƙa.

Ya ce, "Bodil, ki ce mata ta miƙo burodi."

Burodin yana gabana. Tsakanina da shi faɗin tebur ne kawai.

Haka yake yi tun ranar. Ki ce mata. Ki tambaye ta. Bai yi mini tsawa ba, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ma ya yi.

Kwana ashirin.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Yau mako uku. Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Na shiga ɗakin shanu kafin motar makaranta ta zo. Karla, mai lamba 412, wadda na shayar da kwalba tun tana maraƙa, tana tsaye a kusurwa yawu na zuba daga bakinta kamar zare, ta kasa taka ƙafar gaba. Akwai wasu biyu kamarta. Sati biyu kafin nan an nuna mana hotunan ciwon baki da kofato na shanu a makaranta, an ce duk wanda ya ga haka ya kira nan take, doka ce. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Wani abu ta taka. Mu ba ta kwana biyu mu gani. Kada ki kira kowa, Thyra."

Daga wannan bai sake kiran sunana ba.

Na hau motar makaranta. Na sauka a tasha ta biyu, na laɓe bayan rumfar jiran mota, na kira likitar dabbobi. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ya fi komai damuna. A lokacin har daɗi na ji, kamar na amsa tambayar da ta gagari aji.

Sauran ba sai na rubuta ba. Mutane masu fararen kaya. Manyan motoci. Shanunmu ɗari da arba'in ne, duk aka kashe su. Sannan aka bi duk gonakin da motar ɗaukar madara ta shiga ranar Litinin bayan ta bar tamu. Gidaje huɗu. Har da gidan su Alberte, ƙawata.

An gwada, ciwon ne. Likita ta ce na yi daidai, Malama Vibeke ta ce na yi daidai, Mama ma ta faɗa sau ɗaya tana wanke-wanke, bayanta a juye. Amma a kantin ƙauye mutane suna yin shiru in na shiga. Yarinyar da ta kai ƙarar ubanta. Da na bari kwana biyun, da shi zai kira da kansa, da mutuncinsa. Na karɓe wannan daga hannunsa a bayan rumfar jiran mota. Da na sani ƙeya ce.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, ƙarfe uku na yamma

Alberte ta buɗe saƙona, alamar ta nuna. Ba amsa. Tun aji ɗaya muke zama benci ɗaya.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Na shiga.

Ban yi niyya ba. Na dai sa kayan wankan a ƙarƙashin riga, don kada in sake yi wa tsohuwa ƙarya. Birthe ta ce yau gwiwarta na ciwo, ita za ta tsaya a tudu. Edel ta miƙo mini hannu ba ta ko dube ni ba, kamar mun daɗe da shiryawa.

Ban san yadda zan kwatanta sanyin ba. Har gwiwa, kamar ana sara da wuƙa. Da ya kai ƙirji numfashina ya ɗauke, na fara haki ina neman juyawa. Edel ta matse hannuna. "Kada ki yi kokawa da shi, ya girme ki. Fitar da numfashi. A hankali. Ƙara." Na fitar. Ta ce in ƙirga ashirin da ƙarfi. Na ƙirga.

Daga ɗaya har ashirin ɗin nan babu komai a kaina. Babu motoci, babu fararen kaya, babu Karla. Ruwa ne kawai da lamba ta gaba. Rabona da irin wannan shirun tun kafin ranar.

Na fito jikina jawur yana zafi kamar an shafa barkono. Birthe ta lulluɓe ni ta miƙo shayi. "Kin shigo ƙungiya ke nan. Sabuwar shiga ita ke kawo kek."

"Kar ki bari ta yaudare ki," in ji Gwaggo. "Shekara tara ina kawowa, har yau ni ce sabuwar shiga."

Da na koma gida Baba yana bakin taga. Ya ga gashina a jiƙe. Ya ce, "Bodil, ki ce mata ta busar da kanta, mura za ta kama ta." Ban san dalilin da ya sa na shiga banɗaki na yi kuka a kan wannan ba.

Kwana ashirin da uku.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Iska mai ƙarfi tun jiya. Jirgin fito bai tashi ba, ba wanda ya shiga ruwa. Yashi yana bugun taga kamar ana watsa gero. Tun ranar Juma'a Mama ta kira makaranta, an ƙara mini mako guda, tunda dai gidan namu a rufe yake har ƙarshen wata, ana ta fesa magani.

Na fita rumfa ɗauko itace. Da na dawo na tsaya a ƙofar baya ina kakkaɓe takalmi, sai na ji Mama da Baba a kicin.

"Yarinyar nan tana ƙarewa a gaban idonka, Ejvind."

"Na sani."

"To me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To ka dube ta mana! 'Yarka ce, ba bango ba."

Sannan ya ce, "Ba zan iya ba."

Na koma rumfar na zauna a kan itacen har yatsuna suka daina jin komai. Ashe ko kallona ba zai iya ba. Gara da na ji, aƙalla na daina jira.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Iska ta lafa. Rabin mutanen tsibirin sun fito gaɓa, kowa kai a sunkuye kamar wanda ya yar da makulli, suna neman ƙaron nan mai launin zuma da teku ke tofarwa bayan guguwa. Gwaggo ta nuna mini yadda ake ganewa: ki ƙwanƙwasa a haƙori, dutse zai yi ƙara ya ba ki sanyi, shi kuwa ƙaron ba nauyi, ba sauti.

Na ƙwanƙwasa sun fi arba'in. Duk duwatsu.

Edel ta ce, "Ci gaba a haka, ki ƙare da haƙoran roba irin na Birthe."

"Nawa ko na roba ne sun fi naki yawa," in ji Birthe.

Ban samu ko ɗaya ba. Amma awa biyu na yi ina tafiya, rana ta ɗan leƙo, ruwan ya kwanta kamar ba shi ya kwana yana ihu ba. Na ga wurin da guguwar ta cinye rabin tudu, da safen nan har tsuntsaye sun sauka a kai suna kiwo. Na tsaya ina kallonsu. Ban san abin da zan rubuta game da su ba, na dai gani.

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Na bi shi da ya fita ƙarfe huɗu. Daga nesa. Ina jin kunyar rubuta dalilin. Tun ranar Lahadi nake tunanin inda mutum ke zuwa awa biyu a wurin da babu komai sai ruwa.

Ba ruwa yake zuwa ba. A bayan tudun akwai wani fili da aka kewaye da waya, inda wani mutumin nan ke barin shanunsa masu dogon gashi su yi kiwo duk sanyi. Goma sha ɗaya ne. Baba bai je kusa ba. Ya tsaya can nesa, kamar taku ɗari daga wayar, iska na bugowa daga wajensu zuwa wajensa, hannuwansa a aljihu. An daɗe da ce mana mun fita daga kwanakin da aka hana mu kusantar dabbobi, amma shi bai yarda da tufafinsa ba, bai yarda da tafin hannunsa ba. Wata ja ta ɗago kai ta yi kuka. Na ga leɓensa yana motsi. Ƙirga su yake yi.

Na dawo kafin ya juyo.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu na rana

Na shiga ruwa, na ƙirga talatin. Na rubuta wa Alberte wasiƙa shafi uku, na sa a murhu. Kwana ashirin da tara.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

In ban rubuta yanzu ba zan gyara wa kaina labarin kafin safiya.

Mama ce ta haɗa. Ƙarfe uku da rabi, ya fara sa takalmi ke nan, ta ce, "Ku ɗauki mota ku je ƙarshen tsibiri wurin masu kyafa kifi, ku sayo mana na dare. Thyra ta san wurin." Ya buɗe baki, ta danƙa masa makulli a hannu.

A nan ana tuƙi a kan yashin gaɓa, ita ce gajeriyar hanya. A mashiga akwai allo mai ɗauke da lokutan cikowar ruwa, da lambar Thorkild, mai taraktar da ke janyo motocin baƙi in sun kafe. Na karanta allon, kamar yadda nake karanta komai. Akwai jerin sanduna da mutanen gari ke bi kusa da tudu. Baba ya bi su na ɗan lokaci, sai ya hango fili a ƙasa wajen ruwa, shimfiɗe sumul kamar gonar da aka gama bajewa, ya karya kan a-kori-kurarmu ya nufi can.

Na san ba a bi ta nan. Edel ta gaya mini yashin da ya fi sheƙi shi ya fi cin ƙafa. Ban ce komai ba.

Ba mu yi nisa ba motar ta yi nauyi, ta tsaya. Ya yi abin da yake yi in tarakta ta kafe a gona: gaba, baya, gaba, baya, sannan ya taka mai. Taɓo in ka jijjiga shi yakan saki. Yashi haɗiya yake. Kowane takawa sai tayoyin baya su ƙara nutsewa, har cikin motar ya zauna a ƙasa.

Ya fita ya ɗauko shebur ɗin abincin shanu da ke baya, ya fara tono. Ya cusa tabarmin ƙafa ƙarƙashin taya, ya rage iskar tayoyin. Ni ma na fito ina turawa. Da na ga ba ta motsi na ciro wayata. Ya gani. Bai dubi fuskata ba, taya ya kalla ya ce, "Kada a kira kowa. Shekara talatin ina fitar da tarakta daga taɓo."

Na mayar da wayar aljihu.

Teku tana can nesa a gabanmu, shi can yake kallo in ya ɗago. Amma ruwan nan ba ta gaba yake zuwa ba. Ta baya ya zagayo, ta wani kwari da ke tsakaninmu da tudu. Na gan shi tun yana kamar zare. Na gan shi ya zama kamar lambatu, ya zama rafi. Na san lokacin da ke kan allo. Na san gidan Thorkild bai fi tafiyar minti goma ba. Minti arba'in na yi ina kallon ruwan nan yana faɗi, duk lokacin da hannuna ya nufi aljihu sai in ji ƙarar manyan motocin a kunnena. Na ci gaba da tura motar da ba ta motsi.

Sai da ruwa ya taɓa gwiwarsa a inda ya durƙusa sannan ya waiga. Ya yar da shebur ya fizgi hannuna. Kwarin ya kai mana ƙugu. A tsakiya ya tsaya cak, bakinsa a buɗe, numfashinsa ya ɗauke. Na ce, "Fitar da numfashi, Baba. A hankali. Taho." Ni na ja shi sauran.

Da muka hau tudu muka juyo, ruwa ya kai ƙofar motar. Fitilunta suka kama da kansu, suka yi ta ƙiftawa, suka mutu.

Ya ce, "Wayarki ta mutu ne?"

Ni yake yi wa magana. Ba Mama a wurin.

Na ce, "A'a."

"Ba sabis?"

"Akwai."

"Kin ga ruwan?"

"Tun ɗazu."

"To me ya sa ba ki kira ba?"

"Ka ce kada a kira."

"Haba, kina ganin ruwa yana..."

"Wancan karon na kira," na ce.

Sai ya dube ni. Sosai, ido cikin ido. Na manta idanunsa launin toka ne. Ya zauna a jiƙaƙƙen yashi kamar an cire masa ƙashi, haƙoransa na haɗuwa. Muka daɗe a haka muna kallon rufin motar.

Ya ce, "Ranar Lahadi na ga bakin Karla."

Ban gane ba da farko.

"Lahadi. Ba Laraba ba. Na buɗe bakinta na gani, na san mene ne, tun ina yaro kakanki ya kwatanta mini. Na mayar da ita kusurwa inda ba za a lura ba. Lahadi, Litinin, Talata, wayar tana aljihuna. Ranar Litinin na buɗe wa motar madara ƙofa da hannuna, na ɗaga wa direban hannu, ya wuce gidan Holger." Holger shi ne mahaifin Alberte. "Motar Laraba ke kika tsayar da ita. Gidaje shida ne a hanyarta."

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ƙara jiƙa ta.

"Duk sanda na ɗago ido na gan ki, kwana ukun nan nake gani. Ba fushi nake da ke ba, Thyra."

Wata guda ina jiran in ji wannan sunan. Na ɗauka in na ji daɗi zai kashe ni. Ba haka aka yi ba. Wani abu ne mai zafi ya taso mini daga ciki, ban taɓa jin irinsa ba.

Na ce, "Kwana talatin, Baba."

"Na sani."

"Kana ji ana yin shiru in na shiga kanti."

"Na sani."

"Alberte ba ta..." Na kasa ƙarasawa.

Bai ce in yi haƙuri ba. Can ya ce, "Kira shi. Kafin sanyi ya kashe mu."

Na kira Thorkild.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Da ruwa ya janye da safe Thorkild ya janyo motar. Cike take da yashi har kan kujeru, da ɗan ƙaramin kifi a wurin taka birki. Ba za ta sake tashi ba. Mutane sun taru, tunda ba wani abin kallo a watan nan.

Thorkild ya zagaya ta sau biyu yana sosa ƙeya. "Manomi, ka shuka ta da zurfi. Wane wata kake sa ran ta tsiro?"

Gwaggo ta ce, "Cewa na yi ka zo ka ga teku, ban ce ka kawo mata tsaraba ba."

Baba ya yi dariya. Gajeriya, kamar tari, amma dariya ce. Mama ta juya ta kalli wani wuri.

A motar nan na koyi tuƙi ina shekara sha biyu, a bayan rumbun ciyawa. Kira ɗaya zai cece ta. Ina da minti arba'in. Wancan karon na yi magana na yi nadama, wannan karon na yi shiru na yi nadama, kuma ba nadama iri ɗaya ba ce. Zan tambayi Malama Vibeke ko akwai kalmomi biyu.

Yau ya kira sunana sau biyar, har a inda ba a buƙata. Yana fitowa daga bakinsa da ƙyar, kamar sabon takalmi. Ina amsawa. Har yanzu zafin nan bai sauka ba, ban kuma san ranar da zai sauka ba.

Na kai wa su Edel kek. Na ƙirga arba'in. Edel ba ta tambaye ni komai ba, ta dai riƙe hannuna har muka fito tudu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe, cikin jirgin fito

Da ƙafa muka shigo jirgin, kowa da jakarsa. Daga can za mu hau jirgin ƙasa, wata ƙawar Mama za ta sauke mu a gidanta har a buɗe namu. Tsibirin yana ƙanƙancewa a baya. Teku a kwance.

Muna zaune a bencin taga Baba ya ce gobe zai je gidan Holger. Zai gaya masa kwana ukun. Daga nan ya bi sauran gidaje ukun.

Mama ta ajiye kofinta. "Ka san abin da zai biyo baya? Hukuma za ta ji, Ejvind."

"Ta ji."

"Shekara arba'in kuna tare da mutumin nan. Zai iya rufe maka ƙofa."

"Ƙofarsa ce." Ya juyo wajena. "Ke ba sai kin zo ba."

Na ce zan zo.

Ya ce to, amma shi zai ƙwanƙwasa, kuma shi zai fara magana.

Ban sani ba ko Alberte za ta sauko daga ɗakinta na bene.